NASM, GAS, FASM ko MASM: wacce za ta riƙe maka adireshi yadda kake so?

Ɗalibin da aka ba aikin harshen inji a Jami'ar Abdou Moumouni ko a makarantar injiniyoyi ta EMIG, da mai haɗa ƙananan na'urori a Tahoua da ke son shiga cikin ƙwaƙwalwar ƙaramin allon lantarki na Arduino, tambayarsu ta farko ɗaya ce: wace asembla zan saka, wato manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa lambobin da inji ke ganewa? Amsar da aka fi ba su ta salon rubutu ce, wai wannan tana sa `%` gaban sunan rajista (ƙaramin wurin ajiya cikin furosesa), waccan ba ta sawa. Salon rubutu kwana biyu ne hannu ya saba. Abin da ke hana mutum barci shi ne adireshi: wa ke yanke inda kowane umarni da kowane bayani zai zauna a ma'ajiya, asembla ce ko linka, manhajar da ke haɗa guntayen shiri su zama fayil ɗaya? A nan manhajojin huɗu suka rabu, kuma a nan ya kamata ka auna su.

Aikin da dukkansu ke yi

Kowace asembla tana da maƙirgin wuri, lamba guda da ke ƙaruwa da yawan bayit ɗin da aka fitar. A yanayin bit 16, `mov si, sako` bayit 3 ne, `lodsb` bayit 1, `int 0x10` bayit 2. Maƙirgi ya tashi daga 0 ya koma 3, sai 4, sai 6. Duk inda ta ci karo da laƙabi, wato sunan da ka ba wani wuri a kod irin `sako`, sai ta rubuta sunansa da lambar da maƙirgi ke kai a teburin sunaye. Kowane sashe da nasa maƙirgin: na umarni daban, na bayanai daban, na wurin da aka keɓe babu komai ciki daban. In ka bar sashen umarni ka shiga na bayanai ka dawo, ƙidaya na ci gaba daga inda ta tsaya.

Wahala biyu ke biyo baya. Ta farko ita ce sunan da aka kira kafin a kai gare shi. `jmp karshe` yana da siga gajera ta bayit 2, wadda ke kai wa tsakanin 128 baya da 127 gaba, yana kuma da doguwa ta bayit 5, ko 3 a bit 16. Nisan laƙabin ne ke zaɓar siga, sigar kuma tana canza nisan duk laƙabin da ke gabanta. Dole a sake bi har lissafi ya zauna.

Ta biyu ita ce shirin da aka raba guntu-guntu, fayil da yawa. Asembla ta san `sako` shi ne gida na biyar daga bakin layi, amma inda layin zai faɗo cikin gari linka ne ya sani. Sai ta bar gurbi ta rubuta masa takardar gyara. A Linux mai bit 64, `call aiki` zuwa wani fayil yana fitowa `E8 00 00 00 00`, da umarnin gyara mai cewa: ɗauki adireshin `aiki`, cire 4, cire adireshin gurbin. In kiran ya faɗa 0x401000 (`0x` alama ce ta ƙidaya mai tushe 16), gurbin yana 0x401001, `aiki` kuma yana 0x401020, linka zai cusa 0x1B. Furosesa za ta tara shi da adireshin umarni na gaba, 0x401005, ta sauka daidai. `objdump -dr` yana nuna maka waɗannan guraben tun kafin a haɗa.

Ma'aunan zaɓi

Abu biyar za ka duba. Me `org`, umarnin da ke tsara mafarin adireshi, ke nufi a wajenta, domin kalmar ɗaya ce amma aikinta huɗu. Yaya take warware sunan gaba. Tana fitar da shirin da zai tashi kai tsaye, ko sai da linka. Za ta nuna maka lissafinta in abu ya lalace. Sai kuɗi da ɗorewa. Kuɗin saye babu a ko ɗaya, amma forfe na intanet kuɗi ne, kuma tsakanin saukar da megabayit ɗaya da saukar da gigabayit da dama akwai tazarar da aljihun ɗalibi ya sani.

NASM

Simon Tatham da Julian Hall suka fara ta a 1996, kuma har yau manyan ayyuka irin FFmpeg da x264 da ita suke harhaɗa kod ɗinsu na x86, don haka babu fargabar ta mutu gobe. A Ubuntu `apt install nasm` ya wadatar, ƴan megabayit ne.

Alama biyu take ba ka: `$` wurin da layin nan ya fara, `$$` farkon sashen da kake ciki. `org` kuwa sau ɗaya ake faɗinsa, kuma sai a fitarwar `-f bin`. Ba ya matsar da maƙirgi, ba ya ƙara ko bayit ɗaya a fayil. Sanarwa ce kawai cewa za a loda wannan fayil a adireshi kaza, a tara lambar kan kowane laƙabi. Dubi sashen tayar da kwamfuta, wanda BIOS, shirin farko da ke tashi in an kunna kwamfuta, ke lodawa a 0x7C00. In `sako` yana bayit na 0x10 kuma ka manta `org 0x7C00`, rajistar SI za ta sami 0x0010, ta nufi teburin katsewa na ƙasan ma'ajiya, allo ya cika da shirme ko ya tsaya baƙi. Tsalle-tsalle kuwa za su yi aiki lafiya, tunda da nisa suke aiki ba da cikakken adireshi ba, abin da ke sa mai koyo ya rantse kod ɗinsa daidai yake.

Cika fayil zuwa bayit 512 da hannunka za ka yi: `times 510-($-$$) db 0`, sannan `dw 0xAA55`, sa hannun da BIOS ke dubawa a ƙarshen sashen. In kod ya wuce bayit 510, za ta tsaya ta ce ƙimar `times` ta koma ƙasa da sifili, wanda alheri ne. Tarkon da ba ta faɗa shi ne in ka raba fayil ɗin zuwa `.text` da `.data`: `$$` sashen umarni kaɗai yake ƙirgawa, bayananka su faɗa bayan bayit 512, inda BIOS ba ya lodawa.

Tana bi sau da yawa, kuma tun siga ta 2.09 tana zaɓar gajeren tsalle da kanta. Sunan waje sai ka ce `extern`, in ba haka ba ta ƙi, don haka kuskuren haruffa a suna nan take ake kama shi. Da `-l` tana ba da jeri inda duk adireshin da ke jiran gyara yake cikin baka, misali `BE[1000]`. Ga mai koyo, wannan bakar ta fi dogon bayanin malami.

Haɗarinta yana bit 64. `mov esi, sako` yana neman cikakken adireshi na bit 32, alhali gcc na Ubuntu da Debian na yanzu yana haɗa shirin da za a iya lodawa ko'ina, wanda ake kira PIE. Linka zai ƙi, ya ambaci `R_X86_64_32` da PIE. Magani: `default rel` a saman fayil, da `lea rsi, [sako]`, da `wrt ..plt` wajen kiran ayyukan laburaren C.

GAS, wato `as` na GNU

Wannan ita ce wadda gcc ke miƙa wa kod ɗinsa, kuma tana cikin binutils. Duk kwamfutar da ke da gcc tana da ita, babu abin saukarwa. Wajen ɗorewa babu ta biyunta, tunda Linux kansa ya dogara da ita.

Ɗabi'arta ita ce ba ta yanke adireshin ƙarshe ko kaɗan. Maƙirginta ɗigo ne, `.`, kuma kullum daga farkon sashe yake ƙirga. `.org` a nan yana tura maƙirgi gaba yana cika gurbin da sifili, baya kuwa ba ya komawa. Wanda ya taso daga NASM ya rubuta `.org 0x7C00` zai sami fayil mai sifili 31744 a gaba kafin umarninsa na farko. Amma `.org 510` kafin sa hannun 0xAA55 daidai ne. Adireshin lodi sai a gaya wa linka: `ld -m elf_i386 -Ttext 0x7C00 --oformat binary`.

A ƙaramin aiki wannan ƙarin wahala ne. A babban aiki shi ne dalilin zaɓarta. Ɗauki guntun STM32F103, wanda ke kan ƙaramin allon nan mai shuɗi: ma'ajiyar filash tana farawa a 0x08000000, RAM a 0x20000000. Canji (variable, wurin ajiyar ƙima mai canzawa) mai ƙimar farko, kamar lambar da ta fara da 25, dole ya zauna a RAM lokacin aiki, amma RAM ba ta riƙe komai in wuta ta ɗauke. Saboda haka sashen `.data` adireshi biyu gare shi: inda aka adana shi a filash, da inda kod ke nemansa a RAM. Rubutun linka ne ke faɗin duka biyun, da `> RAM AT> FLASH`, sannan kod ɗin farawa ya kwafe bayanan kafin a shiga shirin. In aka manta kwafin, shirin zai harhaɗu babu ƙorafi, ya tashi, canje-canjensa na ɗauke da duk abin da RAM ta farka da shi. A kan guntu irin wannan, babu wata cikin sauran ukun da ke ba ka wannan iko a sarari haka.

Fayil sau ɗaya take karantawa. Tana yanka kod guntu-guntu, ta bar umarnin da girmansa bai tabbata ba a buɗe, a ƙarshe ta yi ta faɗaɗa gajerun tsallen da ba su kai ba har komai ya daidaita.

Tarkunanta sun fi na kowa yawa, gaskiya. Duk sunan da ba ta gani ba tana ɗaukarsa na waje ne ba tare da ta tanka ba, sai wajen haɗawa linka ya yi kuka. A salon AT&T, mai sa `%` gaban rajista, `mov $sako, %esi` adireshi ne, `mov sako, %esi` kuwa abin da ke cikin adireshin ne, kuma dukansu halal ne a wajenta. `.align 4` bayit 4 ne a x86, amma 16 ne a ARM, don can ana karanta shi a matsayin 2 sau kanta huɗu, rubuta `.balign` ka huta. A ARM kuma, `ldr r0, =suna` yana ajiye adireshin a wani ɗan rumbu kusa da kod, kuma dole rumbun ya kasance cikin nisan kusan kilobayit 4, ko kusan 1 a gajeren umarnin Thumb. In aikin ya yi tsawo sai ka sa `.ltorg` bayan wani tsalle.

Ga masu Arduino akwai abin lura na musamman. ATmega328P na kan Uno tana ƙirga filash ɗinta da kalma mai bayit 2, RAM kuwa da bayit, tana farawa a 0x0100. Asemblar kamfanin da ya ƙera guntun, da kuma `avra`, suna bin wannan: `.cseg` da kalma, `.dseg` da `.eseg` da bayit, shi ya sa ake rubuta `low(2*tebur)` kafin `lpm`. `avr-as` kuwa, wato GAS ta guntayen AVR irin wannan, komai da bayit take ƙirgawa. `lo8(tebur)` ya isa babu ninkawa, amma adireshin aikin da za a kira da `icall` sai `pm_lo8`. Katsewar INT0 da takardar bayanan guntun ta ce tana 0x0002, a `avr-as` 0x0004 ce. Kod ɗin da aka kwafo daga wannan zuwa waccan ba tare da gyara ba zai harhaɗu, ya karanta teburin da ba shi ba.

FASM

Tomasz Grysztar, ɗan ƙasar Folan, ya fara ta a 1999, da harshen inji aka rubuta ta, kuma ita ke harhaɗa kanta. Dukkanta da littafinta kusan megabayit ɗaya ne, abokin karatu zai iya turo maka ta WhatsApp. Ba a girka ta, buɗewa kawai ake yi, kuma tsohuwar kwamfutar gwanjo ta ishe ta.

Ita kishiyar GAS ce: komai a hannunta. `format ELF64 executable` ko `format PE` a saman fayil, umarni ɗaya, shiri ya fito a shirye babu linka. Sunan gaba tana yi masa hasashe, ta bi fayil, ta gwada hasashen da abin da ya fito, ta sake, har su dace. Iyakarta ta asali zagaye 100 ne, in ba su dace ba ta ce ba za a iya samar da kod ɗin ba. A ƙarshe tana faɗa maka zagaye nawa ta yi da bayit nawa ta fitar.

`org` ɗinta ana iya maimaita shi. Kowanne yana buɗe sabon filin adireshi, `$$` ya koma farkonsa, ba tare da an ƙara komai a fayil ba. Ga kod ɗin da ke kwafe kansa daga 0x7C00 zuwa 0x0600 ya ci gaba daga can, layi ɗaya ne: `org` na biyu. A NASM sai ka buɗe sabon sashe da `vstart`. Akwai kuma `virtual at`, mai ba ka laƙabai a kan adireshi ko kan rajista ba tare da fitar da bayit ba, abin da ke sauƙaƙa fasalta tsarin bayanai. A bit 64 tana lissafa adireshi daga wurin umarni da kanta.

Inda take cizo: `equ` a FASM musanyar rubutu ce. `tsawo equ $-sako` ba ya lissafa komai a wurin, yana ajiye haruffan ne, sai inda ka yi amfani da `tsawo` a lissafa `$` na can. Sakamakon tsawo ne na ƙarya, shirin ya buga saƙo da tarkacen da ke bayansa. `tsawo = $-sako` ake rubutawa. Na biyu, shirin da ta fitar kai tsaye ba shi da teburin sunaye, gdb, manhajar binciken kuskure, zai nuna maka lambobi tsirara. Jeri ma ba ta bayarwa kai tsaye, sai ka fitar da fayil ɗin `-s` ka bi da shi ta wata ƙaramar manhaja. Ɗorewarta kuma ta rataya ne galibi kan mutum ɗaya, ko da yake tsarukan aiki irin KolibriOS da MenuetOS da ita aka gina su, kuma tsohon kod ɗinta bai cika lalacewa da sabuwar siga ba.

MASM

Ta Microsoft ce, tun 1981. Yau tana zuwa cikin kayan Visual Studio da sunan `ml.exe` da `ml64.exe`, Windows kaɗai, kuma saukar da kayan gigabayit ne ba ɗaya ba. `ORG` ɗinta yana ɗora maƙirgi kan lambar da ka faɗa cikin yankin ma'ajiya (segment) da kake: `ORG 100h` na shirin COM saboda DOS na riƙe bayit 256 na farko. Tana tuna nau'in kowane suna, don haka `mov ax, sako` abin ciki ne, adireshi sai `OFFSET sako`, akasin NASM. `ASSUME` alkawari ne ka yi mata, ba ya loda komai a rajista. In ba ka rubuta `mov ax, @data` da `mov ds, ax` ba, duk adireshin bayananka daidai ne amma cikin yankin da ba naka ba. Sigogin kafin 6.0 sau biyu kawai suke bi, shi ya sa tsofaffin darussa ke cike da `nop` da kukan saɓanin zagaye. A bit 64, `tebur[rbx]` yana jawo kuskuren LNK2017. Ɗauko adireshin da `lea` tukuna.

| | NASM | GAS | FASM | MASM |
|---|---|---|---|---|
| Maƙirgi | `$`, `$$` | `.` | `$`, `$$` | `$` |
| Aikin `org` | sanar da wurin lodi, sau ɗaya | tura gaba da cikawa | sabon filin adireshi, sau da yawa | ɗora maƙirgi cikin yanki |
| Mai yanke adireshi | ita a `bin`, linka a saura | linka kullum | ita, sai in ka nemi fayil na haɗi | linka |
| Furosesa | x86 | x86, ARM, AVR, RISC-V da sauransu | x86 | x86 |
| Nauyin saukarwa | kaɗan | tana tare da gcc | mafi ƙanƙanta | mai yawa |
| Sauƙin farawa | sosai | da wuya | sosai | matsakaici |
| Babban tarko | PIE a bit 64 | `.org`, `.align`, sunan da ba a bayyana ba | `equ` da `$` | `ASSUME`, `OFFSET` |

Wa ya dace da wacce

In burinka ka fahimci yadda adireshi ke tafiya, fara da NASM. Rubuta sashen tayarwa na bayit 512, gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, cire `org` da gangan ka ga abin da zai faru. Daga nan raba ƙaramin shiri gida biyu da `-f elf64`, ka karanta `readelf -r` kafin haɗawa da `objdump -d` bayan haɗawa. Ita ce ke nuna maka ɓangarorin biyu, inda asembla ke yanke hukunci da inda take barin wa linka.

In aikinka na guntayen lantarki ne, mai kunna famfon ban-ruwa a garkar albasa ko mai lura da cajin batirin sola, zaɓin ya riga ya yi kansa: GAS. NASM da MASM ba su san AVR ko STM32 ba, kuma `avr-as` tana cikin manhajar Arduino da ka riga ka saka, fayil mai ƙarewa da `.S` kawai za ka ajiye kusa da shirinka. Haka wanda ke cakuɗa C da harshen inji, tunda abin da `gcc -S` ke fitarwa yarenta ne. Ware lokaci na musamman don rubutun linka, rabin aikin yana can.

FASM ta dace da mai son ƙaramin shiri guda da ya san kowane bayit nasa, da mai rubuta kod mai ƙaura daga wuri zuwa wuri, da wanda intanet ke yi wa tsada. Ba zan ba da shawararta ga aikin haɗin gwiwa mai fayiloli da yawa da laburaren waje ba, duk da tana iya fitar da fayil na haɗi. A can fifikonta ya ragu, ƙarancin kayan bincikenta ya fito.

MASM sai in malami ya wajabta ta, ko aikin na Windows ne cikin Visual Studio. In darasin na 8086 ne da `.MODEL SMALL` da `INT 21h`, `ml64` ba zai karɓe shi ba, kuma Windows mai bit 64 ba ya tayar da shirin bit 16. Tsohuwar siga cikin DOSBox za ka nema, ka kunna `/Fl` don ka riƙa ganin lambar da kowane laƙabi ya samu.